Koyon Complex Analysis Ba Tare da Ka Ƙarar da Aljihunka Ba: Wane Littafi Za Ka Fara da Shi?

A bara wani mai shago ya ba ni aikin haɗa masa 'yar manhaja da za ta riƙa tsaftace sautin tallan kayansa. Matsalarsa guda ce: duk abin da ya naɗa, sai ka ji wani gurnani a ƙarƙashin muryarsa, irin wanda wutar lantarki ke sakawa cikin makirfo. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a sakan ɗaya, don haka na nemo 'yan layukan kod na rariyar sauti da za ta tace wannan gurnani ta bar muryar. A cikin kod ɗin akwai wata lamba, 0.99, wadda ban san aikinta ba. Da na ga gurnanin bai tafi duka ba, sai na ce bari in ɗan ɗaga ta. Na mayar da ita 1.01, na sa abin ji a kunne, na danna. Ƙarar da ta fito saura kaɗan ta fasa mini dodon kunne.

Kwana biyu na yi ina neman dalili. Ashe wannan lamba nisan wani ɗigo ce daga tsakiyar wata da'ira. Muddin ɗigon yana cikin da'irar, amon da rariyar ke mayarwa kanta yana raguwa har ya mutu. Da zarar ya leƙa waje, kowane taku sai sautin ya ƙaru da kashi 1 cikin 100, wato yana ninka kansa bayan taku 70 ko kusa da haka, alhali sautin yana da taku 44,100 a kowane sakan. Da'irar da ɗigon kuwa ba a kan layin lambobin da muka sani a makaranta suke zaune ba. Suna wani fili ne daban, kuma fannin lissafin da ke bayaninsa shi ne Turawa ke kira Complex Analysis.

Ni iyakar karatuna sakandare, sauran duk a waya da kwamfuta na koya. Sai na yi abin da da yawanmu ke yi: na tambayi wane littafi ne ya fi shahara, na zuba masa kusan duk ribar wannan aikin, ya iso, na buɗe, na kasa wuce shafukan farko. Laifin ba na littafin ba ne, ni ne na sayi takalmin da ya fi ƙafata. Wannan rubutu na yi shi ne don kada kuɗinka su bi hanyar da nawa suka bi.

Mene ne ma wannan fanni?

Ka tuna fomular nan ta kwadiratik da 'yan aji ke kira olmaiti fomula. Idan abin da ke ƙarƙashin alamar tushe ya fito ƙasa da sifili, malam yakan ce a tsaya nan, babu amsa. Masana lissafi na Italiya sun ƙi tsayawa. Gerolamo Cardano ya taɓo irin waɗannan lambobi a littafinsa na 1545, Rafael Bombelli kuma ya shimfiɗa dokokin tarawa da ninka su a 1572. Aka ƙirƙiro wata lamba, i, wadda idan ka ninka ta da kanta za ta ba ka -1. Daga nan sai aka samu lambobi irin 3 + 2i. Ni ina kiran su lambobi masu ƙafa biyu: ƙafa ɗaya ta zahiri, ɗaya ta zato.

Abin da ya fitar da su daga zargin tatsuniya shi ne zane. Caspar Wessel, wani mai safiyon ƙasa ɗan Norwe, da Jean-Robert Argand a 1806, sun nuna cewa kowace irin wannan lamba ɗigo ce a kan fili: 3 + 2i na nufin taku 3 zuwa dama, taku 2 zuwa sama. Ninkawa da i kuma juyawa ce ta digiri 90. Ka juya sau biyu, ka fuskanci baya, shi ya sa i sau i ya zama -1. Ranar da na gane wannan, rabin tsorona ya tafi.

Complex Analysis shi ne yin kalkulas a kan wannan fili. Augustin-Louis Cauchy na Faransa ya kafa harsashinsa a farkon ƙarni na 19, Bernhard Riemann na Jamus ya ɗora a kundin digirinsa na 1851. Abin da ke jan mutane gare shi shi ne sakamakon da ke fitowa masu ban mamaki. Ga misali guda da za ka iya gwadawa. Ɗauki fankshin 1/(1+x²). A kan layin lambobi na zahiri lafiyarsa lau, ba inda yake fashewa. Amma idan ka warware shi zuwa jerin 1 - x² + x⁴ - x⁶ har gaba, jerin yana aiki ne kawai idan x yana tsakanin -1 da 1. Me ya tare shi a nan? Duk dubawar da za ka yi a kan layin ba za ka ga shingen ba. Shingen yana sama da ƙasa, a wurin i da -i, inda 1+x² ke zama sifili, kuma nisansu daga tsakiya 1 ne cif. Abin da ba ka gani a kan layi shi ke juya abin da kake gani. Irin ɗigon da ya kusa kurumtar da ni ke nan.

Me ya haɗa shi da wayarka?

Fiye da yadda kake zato. Siginar 4G da Wi-Fi suna aika bayanai ne ta hanyar zaɓen ɗigo a kan wannan fili mai ƙafa biyu. Idan ka ga an rubuta 64-QAM ko 256-QAM a bayanan waya ko rauta, ana nufin ɗigo 64 ko 256 ne aka jera, kowane ɗigo yana ɗauke da bit 6 ko 8. Dabarar FFT, wadda James Cooley da John Tukey suka wallafa a 1965, ita ke rarrabe sauti ko sigina zuwa kaɗe-kaɗen da suka haɗu suka yi shi, kuma da waɗannan lambobi take aiki. Injiniyoyin lantarki kuwa tun 1893 Charles Steinmetz ya nuna musu yadda za su lissafa wutar da ke kai da komo da su.

Sai dai a nan akwai gaskiyar da za ta iya cece maka kuɗi. Idan burinka kawai ka fahimci FFT ko ka zana hoton Mandelbrot a allon wayarka, babin farko na kowane littafi ya ishe ka, ba ka buƙatar sayen komai. Cikakken fannin ana nemansa ne idan za ka shiga ƙera rariyar sauti da hoto, tsarin sarrafa injuna, sadarwar rediyo, kimiyyar fiziks, ko kuma kana ɗalibin lissafi ko injiniya da darasin ke jiransa a jami'a. Ko kuwa sha'awa ce kawai ta kama ka, wannan ma dalili ne mai kyau.

Auna kanka kafin ka auna littafi

Kuskurena na farko ke nan. Ga gwaji mai sauƙi. Shin za ka iya fitar da saurin canjin x² sin x ba tare da leƙe ba? Za ka iya yin intigiral na x eˣ? Ka san abin da ake nufi da a ce jeri marar iyaka ya tattaru a kan lamba ɗaya? Ka taɓa cin karo da fankshin mai canji biyu, x da y, inda ake riƙe ɗaya a motsa ɗaya?

Idan ka amsa e ga uku daga ciki, ka shirya. Idan ba haka ba, babu littafin Complex Analysis da zai yi maka amfani yanzu, komai arharsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Koma ka ɗauki kalkulas tukuna. Littattafan Calculus na OpenStax, wani shiri na Jami'ar Rice da ke Amurka, juzu'i uku ne kuma kyauta ake sauke su. Engineering Mathematics na K. A. Stroud, wanda kusan duk ɗalibin injiniya a Najeriya ya sani, yana tafiya da mai karatu taki-taki kuma yana da darussa a kan lambobi masu ƙafa biyu. Ni wata huɗu na yi a wannan mataki kafin in dawo.

Abubuwan da za ka duba a littafin farko

Mu da ke koyo ba malami, buƙatarmu ta sha bamban da ta ɗalibin da zai ɗaga hannu a aji. Abu na farko kuma mafi girma shi ne amsoshi. Littafin da ya ba ka tambayoyi 40 a ƙarshen babi amma bai ba ka amsar ko ɗaya ba, an rubuta shi ne don wanda ke da mai duba masa aiki. Kai kuwa za ka iya yin wata guda kana maimaita kuskure ɗaya ba ka sani ba.

Na biyu, misalan da aka warware daga farko har ƙarshe. Buɗe tsakiyar littafin, ka ƙirga misalai nawa ne tsakanin wata ƙa'ida da ta gaba. Idan ƙa'ida ce, hujja, ƙa'ida, hujja, ba misali, ajiye shi sai gaba.

Na uku, karanta gabatarwar marubucin. Yawancinsu sukan faɗi gaskiya game da wanda suka rubuta wa. Idan ka ga an ce ana sa ran mai karatu ya riga ya yi Real Analysis, ko kuma littafin na masu digiri na biyu ne, ba naka ba ne tukuna. Da na karanta shafi biyun nan kafin in biya, da ban yi asara ba.

Na huɗu, duba jerin babuka. Littafin farko mai kyau zai bi wannan hanya: lambobin kansu da zanensu, sharuɗɗan Cauchy da Riemann, intigiral a kan lanƙwasasshiyar hanya, ƙa'idar Cauchy, jerin Taylor da na Laurent, lissafin ragowa a wuraren da fankshin ke fashewa, sannan taswirar da ke kiyaye kusurwa. Wanda ya rufe waɗannan ya ba ka darasin zango ɗaya na jami'a.

Waɗanda ba za ka biya ko sisi ba

A nan ya kamata kowa ya fara, kuma ina nufin littattafan da masu su da kansu suka saki kyauta.

A First Course in Complex Analysis na Matthias Beck, Gerald Marchesi, Dennis Pixton da Lucas Sabalka shi ne zaɓina na ɗaya. Ya samo asali ne daga darussan da aka koyar a Jami'ar Binghamton da Jami'ar Jihar San Francisco, an tsara shi don zango ɗaya, kuma kalkulas kawai yake nema daga gare ka. Ba shi da kauri, Turancinsa ba mai wahala ba ne, akwai amsoshin wasu tambayoyi a baya, da ɗan tunatarwa kan ƙa'idojin kalkulas da za ka buƙata. Rauninsa shi ne bai cika shiga aikace-aikacen injiniya ba, kuma amsoshin ba su kai yadda mai koyo shi kaɗai zai so ba.

Wannan giɓi kuwa bayanan darasin MIT mai lamba 18.04, na Jeremy Orloff, suna cike shi. Suna kan MIT OpenCourseWare, daga zangon 2018. An rarraba su ƙananan fayiloli bisa maudu'i, abin da ya dace da mai lissafin data, kuma sun kai har ga sauyin Laplace da gwajin Nyquist, wanda da shi injiniyoyi ke gane ko tsari zai tsaya daram ko zai haukace kamar rariyata.

Akwai kuma Complex Analysis: A Visual and Interactive Introduction na Juan Carlos Ponce Campuzano. Shi a burawuza ake karanta shi, kana jan ɗigo da yatsa kana ganin yadda zane ke sauyawa. Ba zai maye gurbin littafi mai tambayoyi ba, amma idan wani ra'ayi ya ƙi shiga kai, gani ya kori ji. Ga mai son bidiyo, Petra Bonfert-Taylor ta yi darasin gabatarwa a Coursera ƙarƙashin Jami'ar Wesleyan, shirin NPTEL na Indiya ma yana da cikakkun laccoci a YouTube. A gida, jami'ar karatu daga nesa ta NOUN tana sanya kayan darussanta a intanet, kuma za su taimaka wa mai son ganin yadda ake tsara darasin a Najeriya.

Masu araha da suka cancanci kuɗinka

Karatun lissafi a allon waya yana gajiyar da ido, ga ɗauke wuta, ga saƙonnin da ke faɗowa suna raba maka hankali. Idan ka yi babi biyu ko uku a na kyauta ka tabbatar da gaske kake, to ya dace ka mallaki littafin takarda ɗaya.

Schaum's Outline of Complex Variables na Murray Spiegel, wanda ya fara fitowa a 1964 aka sake bugu na biyu a 2009, shi ne abokin mai koyo ba malami. Bayaninsa gajere ne ƙwarai, wani lokaci har ya yi gajarta, amma yana ɗauke da ɗaruruwan tambayoyi da aka warware layi bayan layi. Kada ka ɗauke shi a matsayin malaminka na farko. Ka karanta bayani a littafin Beck, ka zo nan ka yi atisaye. Wannan haɗin shi ya fitar da ni, kuma shi nake ba duk wanda ya tambaye ni shawara.

Sai littattafan kamfanin Dover, wanda ya yi suna wajen sake buga tsofaffin littattafan kimiyya da bango mai laushi a farashi mai sauƙi, sau da yawa kashi kaɗan na kuɗin sabon littafin jami'a. Biyu daga ciki sun dace da mai farawa. Complex Variables na Stephen D. Fisher yana da misalai da yawa da amsoshi, kuma ƙarshensa ya shiga sauye-sauyen Fourier, Laplace da Z. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin lissafin rariyar sauti ta dijital, don haka ga mai rubuta manhaja, Fisher ya fi kusa da buƙata. Complex Variables: Harmonic and Analytic Functions na Francis Flanigan kuwa yana farawa ne da bitar kalkulas a kan fili kafin ya shigo da i. Idan kalkulas ɗinka na canji biyu yana rawa, wannan zai riƙe maka hannu.

Tsufan waɗannan littattafai kada ya dame ka. Littafin koyon Android na shekara biyar da suka wuce ya zama tarihi, amma ƙa'idar da Cauchy ya tabbatar shekara 200 baya ba ta samu sabon salo ba.

Masu tsada: yaushe suka dace?

Complex Variables and Applications na James Ward Brown da Ruel Churchill shi ne littafin da jami'o'i da yawa a duniya ke koyarwa da shi. Churchill ya fara fitar da shi a 1948, yanzu yana bugu na 9. Sassansa gajeru ne, kana iya gama ɗaya a zama guda, kuma an sa amsa a ƙarƙashin tambayoyi da yawa. A gaskiya littafin farko ne mai kyau sosai. Matsalar ita ce sabo mai bango mai tauri yakan haura dala 100, kai ka lissafa da canjin yau. Dabarar ita ce ka nemi bugu na 6, na 7 ko na 8 na hannu, ko bugun ƙasashen waje da ake yi a Indiya da takarda mara nauyi. Bambancin da ke tsakanin bugu da bugu yawanci sauyin lambar shafi ne da jeren tambayoyi. Sai fa idan malaminka yana ba da aikin gida daga takamaiman bugu, a nan sai ka kula.

Visual Complex Analysis na Tristan Needham, wanda Oxford ta buga a 1997 aka sake fitar da shi a 2023 don cikarsa shekara 25, littafi ne da mutane ke ƙauna, ni ma ina cikinsu. Kusan komai da zane yake bayyana shi. Amma yana da kauri, ba ya bin jerin darasin da aka saba, kuma babu amsoshi a ciki. Littafi na biyu ne, wanda za ka karanta bayan ka iya lissafin kana son ganin dalilinsa da ido. A allon waya kuma zane-zanen suna matsewa, sai ka yi ta zuƙowa kana mayarwa.

Waɗanda za ka jinkirta

Idan ka tambayi masana, sunaye biyu za ka fi ji: Complex Analysis na Lars Ahlfors da na Elias Stein da Rami Shakarchi. Ahlfors ɗan Finlan ne, yana cikin mutum biyun farko da suka samu lambar yabo ta Fields a 1936, kuma littafinsa na 1953 har yau ana girmama shi. Na Stein da Shakarchi ya fito a 2003 cikin jerin laccocin Princeton. Dukansu an rubuta su ne don wanda ya saba da rubuta hujja, suna tsallake matakan da suke ganin a fili suke, kuma ba su ba da amsoshi. Masu ba ka shawararsu ba ƙarya suke yi ba, sun dai manta yadda farawa take. Nawa yana nan a kan kanta. Sai a 'yan watannin nan na fara buɗe shi ina fahimtar sakin layi guda ba tare da na tashi na zagaya ɗaki ba.

Tarkon da ke kan hanya

Araha ba ta ado, in ji masu magana, kuma a kasuwar littafi akwai arhar da ke komawa tsada. Idan za ka sayi na hannu a shagunan littattafai na kusa da jami'o'i, ko daga ɗaliban da suka gama, buɗe shi a gaban mai sayarwa. Duba ƙananan lambobin da ke saman haruffa da ƙasansu. A bugun jabu da hoton kwafi sukan dushe, kuma a wannan fanni, z mai ɗan layi a kansa daban yake da z marar layi. Layin nan ya ɓace, lissafin duka ya rushe, kai kuma ka zauna kana zargin ƙwaƙwalwarka. Duba kuma shafukan ƙarshe, domin amsoshi ne suka fi yawan yagewa.

Idan daga waje za ka yi oda, haɗa kuɗin jigila kafin ka yi murna. Sau da yawa kuɗin kawo littafin Dover ya fi kuɗin littafin. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi oda ɗaya, ko ka jira mai dawowa daga tafiya.

Sai babban tarko ga masu waya: wuraren da ke alƙawarin ba ka kowane littafi kyauta. Ban da cewa haƙƙin wani ne, da yawansu maɓallan saukewa na ƙarya ne suka cika su. Ka riƙe wannan: littafi fayil ne na PDF ko EPUB. Duk inda aka ce sai ka girka APK, ko ka shigar da lambar katinka, ko ka ba da izinin karanta saƙonninka kafin ka samu littafi, fita da gudu. Wayar da ke ɗauke da manhajar bankinka ba wurin gwaji ba ce. Tunda ga halastattun na kyauta masu inganci, babu dalilin jefa kai cikin wannan haɗari.

Mayar da wayarka ɗakin gwaji

Inda mu masu rubuta kod muka fi ɗalibin aji sa'a ke nan. Python ya san waɗannan lambobi tun daga gida, sai dai da j yake rubuta su maimakon i, irin al'adar injiniyoyin lantarki. Girka Pydroid 3 ko Termux a Android, ka rubuta 1j * 1j, za ka ga (-1+0j). To gwada wannan:

import cmath
n = 1000
z = [cmath.exp(2j*cmath.pi*k/n) for k in range(n+1)]
print(sum((z[k+1]-z[k])/z[k] for k in range(n)))

Abin da ka yi shi ne zagaya da'ira da taku 1000 kana tara 1/z a hanya. Amsar za ta fito kusa da 6.28j, wato 2π sau i. Yanzu ninka kowane z da 5 don da'irar ta yi girma, ka sake gudanarwa. Amsar ba za ta canja ba. Girman da'irar bai dame ta ba, abin da ta kula da shi kawai shi ne ko ka zagaye wurin da fankshin ke fashewa, wato sifili. Wannan ita ce zuciyar ƙa'idar Cauchy, kuma ka gan ta da idonka kafin ka karanta hujjarta. Duk ƙa'idar da ta tsaya maka a wuya, rubuta mata layi biyar irin waɗannan. GeoGebra ma tana karɓar waɗannan lambobi idan zane kake so.

Amma kada waya ta ruɗe ka. Sayi littafin rubutu mai arha da biro. Lissafi da hannu yake shiga, kuma tambaya biyar da ka warware da kanka sun fi bidiyo goma da ka kalla kana gyaɗa kai.

To wanne za ka ɗauka?

Idan ba ka da ko kwabo: littafin Beck da abokansa, tare da bayanan MIT 18.04. Sauke su sau ɗaya inda ka samu Wi-Fi, ka gama da batun data.

Idan kana da kuɗin littafi ɗaya: ƙara Schaum's a kan waɗancan.

Idan kai mai rubuta manhaja ne ko mai sha'awar sauti da sigina: Fisher.

Idan ɗalibin jami'a ne kai kuma jarrabawa na tafe: tsohon bugun Brown da Churchill, sannan ka tambayi malaminka wanda yake bi.

Duk wanda ka zaɓa, tsaya a kansa har ka kai babin lissafin ragowa. Cutar da ta fi kama mu ita ce tara fayiloli: littafi 15 a waya, ba wanda aka wuce babinsa na biyu. Awa ɗaya a rana, kwana biyar a mako, cikin wata huɗu zuwa shida za ka iya kaiwa can. Ranar da ka lissafa intigiral na 1/(1+x²) daga wannan ƙarshen layi zuwa wancan ta hanyar duba ɗigo ɗaya tak, wato i, ka ga π ta fito a layi uku, za ka san wahalar ba ta tafi a banza ba.

Shi kuwa mai shagon nan, na koma na gyara masa rariyarsa. Na bar ɗigon a cikin da'ira, na daidaita kusurwarsa ta faɗa daidai kan kaɗawa 50, na ƙara wata a kan 100 da 150 inda ragowar gurnanin ke ɓuya. Muryarsa ta fito tas. Bai san me na karanta ba, bai kuma tambaya ba. Ya dai biya, ya turo mini wasu mutum biyu.